Baba Tafinta, Wanda Ya Raba Mu da “Ina Ma”

Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu, ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da na ga maiɗakina ce sai na nemi afuwar ɗalibai na fita baranda. Ba ta yi dogon bayani ba. Cewa ta yi, “Baba ya cika.” Na jingina da bango, alli a hannuna, na mayar da al'amari ga Wanda ya ba mu shi, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so. Haka surukina, wanda kowa ya sani da Baba Tafinta, ya bar duniya a gadon asibiti bayan gajeriyar jinya, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Aka yi masa sutura a ranar, bayan la'asar.

Na zauna da niyyar rubuta ta'aziyya mai nauyi, irin wadda ta dace da dattijo. Amma Baba, ka hana ni. Duk abin da na tuno game da kai, sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai. Ba ni kaɗai ba ne kuwa. A wurin zaman makoki mutum zai shigo fuska a murtuke, ya yi gaisuwa, ya zauna, wani ya ce, “Kun tuna ranar da Baba ya ce...” kafin a ankara an sa gefen riga an toshe baki. Har liman sai da ya juya kai gefe, kafaɗunsa suna rawa. Don haka zan rubuta ka yadda kake, ka yafe mini in nauyin bai kai ba.

Aikinka tafinta ne a kotu. Kana tsayawa a ɗan wurin nan tsakanin teburin alƙali da akwatin shaida, ka ɗauko Turanci ka mayar Hausa, ka ɗauko Hausa ka mayar Turanci, daga safe har a tashi. Ka sha gaya mana cewa tafinta kamar mai ɗaukar ruwa a tafin hannu ne daga wannan bango zuwa wancan: duk abin da ya zube, wani ne zai kwana da ƙishi. Ba ka ƙara wa magana gishiri, ba ka rage mata. In shaida ya yi zagi, sai ka ce, “Ya mai shari'a, a gafarce ni,” sannan ka fassara zagin daidai da nauyinsa.

A wannan kotu ka gamu da kalmar da ta bi ka har ƙarshen rayuwa, ta kuma bi mu duka. An gurfanar da wani mai aski bisa zargin ƙona shagon maƙwabcinsa, mai injin niƙa. Ƙarar injin ta daɗe tana korar masa masu aski, kuma mutane sun ji shi yana faɗin wata magana game da wuta kwana kaɗan kafin gobarar. In laifin ya tabbata, shekaru zai yi a kurkuku, ga mata ga 'ya'ya ƙanana. Lauyan da ke kare shi, wani dogon mutum mai son manyan kalmomi, ya miƙe ya ce abin da mai askin ya furta ba niyya ba ce, “velleity” ce kawai.

Ka buɗe baki za ka fassara, sai ka ji babu komai a ciki. Kotu ta yi tsit, mai aski ya zuba maka ido yana jiran ya ji abin da aka ce a kansa. Wani zai iya lalubo wata kalma makusanciya ya jefa, a wuce wurin. Kai kuwa ka juya ka ce, “Ya mai shari'a, na tsufa a wannan aiki, amma yau na yi baƙo. Ina roƙon lauya ya gabatar mini da shi.” Alƙali ya yi murmushi ya ba da izini. Lauya ya yi bayani cewa kalmar tana nufin so mafi rauni, wanda yake tsayawa a zuciya ko a fatar baki, ba ya ɗaga ko ɗan yatsa. Mutum ya so abu, amma bai so shi har ya tashi ba.

Sai ka tafa hannu, abin da ba a yi a kotu, ka ce, “Ashe ‘ina ma’ ce!” Masu kallo suka fashe da dariya, mai tsaron ƙofa yana ta tsawa a yi shiru. Da aka natsu, lauya ya nemi a dawo da shaidu su maimaita maganar mai askin kalma da kalma. Kowannensu ya ce abin da ya ji shi ne, “Ina ma injin nan ya ƙone in huta.” Babu wanda ya ji “zan ƙona.” Daga baya rahoton 'yan kwana-kwana ya nuna tsohuwar wayar lantarki ce ta haddasa gobarar, aka sallami mutumin. Shi ne ya yi maka aski har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ɗansa ne ya gaji kanka.

Kalmar ba ta bar ka ka huta ba. Ka ce baƙon da ya tsayar da kai a gaban jama'a dole ka san gidansu. Ka tafi ɗakin karatu, ma'aikaciyar wurin ta sauko maka da wani ƙamus da sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Da bayaninsa bai ƙosar da kai ba, ka nemo wani tsohon malami da ya taɓa koyar da harshen Latin, ka riƙa zuwa gidansa ranakun Asabar kamar sabon ɗalibi. Abin da ka samo ka ba mu shi sau da yawa har muka haddace, kuma kullum da irin murnar wanda ya tsinci abu yanzun nan.

Kakan ce Turawa ba su suka haifi kalmar ba, aro suka yi daga Latin kimanin shekara ɗari huɗu da suka wuce. A can tushenta “velle”, wato so ko nufi. Malaman zamanin da, masu zurfafa bincike kan zuciyar ɗan Adam, suka lura cewa mai cewa “volo”, ina so, daban yake da mai cewa “vellem”, da na so. Na farko ya riga ya sa takalmi. Na biyu yana kishingiɗe yana kallon rufi. Sai suka ƙera wa halin na biyun suna, “velleitas”, daga nan ta gangaro Turanci. Wurin da ya fi ba ka daɗi shi ne dangantakarta da “volunteer”, mutumin da ke tashi ya yi aiki ba tare da an sa shi ba. “Ku ji ikon Allah,” kakan ce, “tsatso ɗaya, gida ɗaya. Ɗa ɗaya ya fita tun asuba yana taimakon jama'a, ɗan'uwansa har azahar yana miƙa a kan tabarma.”

Daga nan gidanka ya zama wurin da ba a faɗin “ina ma” a zauna lafiya. Maƙwabci ya ce ina ma a gyara magudanar ruwan layin nan, sai ka shiga ɗaki ka fito da shebur biyu, ka miƙa masa ɗaya. Wani ya ce ina ma ya daina shan taba, ka buɗe tafin hannu ka ce ya kawo kwalin. Ba da faɗa kake yi ba, da dariya ne, shi ya sa ba a jin haushi sai dai kunya. Mama, uwargidanka, ba ta taɓa wahalar da harshenta da kalmar ba. “Baliti” take cewa, haka kuma unguwa ta ɗauka. Har yau a layinmu in an ce wane ɗan baliti ne, kowa ya san mai dogon buri ne da gajeren motsi.

Ni ma ta wannan ƙofa na shigo zuri'arka. Ina saurayi, sabon malamin makaranta, na ga autarka a wurin jiran mota, hankalina ya tafi. Da na gano gidansu, sai na ƙirƙiro dalili: wai ina son in ƙara ƙwarewa a Turanci wurin Baba. Na riƙa zuwa duk ƙarshen mako da yamma, in zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofar tsakar gida, ina tambayarka bambancin wannan kalma da waccan, idona yana wani wuri. Auta ta kawo ruwa, in gode, ta koma. Damina ta zo ta wuce ina nan ina koyon Turanci.

Wata rana ka naɗe jaridarka, ka cire tabarau, ka ce, “Malam Lissafi, kujerar nan ta fara ɗaukar siffarka.” Na yi dariyar yaƙe. Ka ba ni labarin mai aski da na malamin Latin tun daga farko, a tsanake, kamar ba ka da wata manufa. Da ka gama sai ka ce, “To, abin da yake kawo ka gidan nan, volo ne ko vellem?” Na dubi ƙasa na ce, “Baba, volo ne.” Ka ce, “Madalla. Masu volo manyansu suke turowa, ba su zuwa su ƙarar wa mutane da ruwan sanyi. Na riga na tambayi yarinyar, ta ce ita ma ta gaji da ɗauko kofi.” A wannan makon kawunnaina suka zo. Yau 'ya'yanmu sun girma, kuma duk ranar da na tsaya dogon lissafi kan abin da ya kamata in yi, uwarsu takan tambaye ni ko ta kawo mini ruwa.

Ba baki kaɗai kake sa wa ba, kana sa jiki. Bayan haihuwarta ta biyu, Auta ta ce a gabanka ina ma ta koma karatun aikin jinya da ta bari. Ka tambaye ta abin da ya tare hanya, ta ce yara. Tun daga ranar da aka buɗe makaranta kai ne mai kai su, kai ne mai ɗauko su, da laima a hannu, kana koya musu sunayen abubuwan da kuka gani a hanya da harshe biyu. Ka yi haka har ta gama. Ranar da ta fara sa fararen kaya ka ce ta tsaya a tsakar gida, ka zagaya ta kana kallo, ka ce, “Yanzu in na yi ciwo na san inda zan kai ƙara.”

Amma labarin da Mama ta fi son a ba da shi ne na ranar da kalmar ta juyo kanka. Kana da ƙane guda, kafinta ne, har mutane kan haɗa ku su ce Tafinta da Kafinta. Bayan rasuwar mahaifinku, ya sare wata babbar bishiya a tsakar gidan gado ba tare da ya shawarce ka ba, don saiwoyinta sun fara tsaga bango. Kai kuwa a ƙarƙashinta ka koyi karatu. Ka faɗa masa magana mai zafi, cewa shi ba ya ganin darajar abu sai ya auna shi da zarto. Ya mayar maka da tasa. Shekaru suka yi ta wucewa, gari ɗaya, ba mai taka ƙofar wani. 'Ya'yanku suna haɗuwa a ɓoye kamar masu laifi.

Wata safiya bayan ka yi ritaya, kana shan shayi, aka ji ƙarar guduma daga wani gida da ake gyara. Ka kasa kunne, sannan ka yi ajiyar zuciya ka ce, “Ina ma yaron nan zai zo mu gaisa.” Yaron da kake nufi kuwa ƙanenka ne, wanda a lokacin furfura ta gama cin gemunsa. Mama tana yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Malam, baliti.” Yadda ta ba mu labari, sai ka ajiye kofin a hankali, ka dube ta kamar yau ka fara ganinta. Ka ce, “Ni?” Ta ce, “Kai. Ka hana duk unguwa kishingiɗa, kai kana kwance a kan taka shekara da shekaru. Takalminka yana bakin ƙofa.”

Ka tafi. Baba Kafinta ne ya ba mu sauran labarin, yana dariya yana share ido. Ya ce yana cikin goge katako ya ga inuwa a ƙofar shago, ya ɗago ya ga yayansa. Mutumin da ya ci abinci da magana duk rayuwarsa ya tsaya kamar an ɗinke masa baki. Can ka ce, “Ƙafar kujerata ce ta karye.” Ya ce, “Yaushe?” Ka ce, “Ta daɗe.” Ya ajiye abin hannunsa, ya juya baya yana murza ido, wai garin katako ne ya faɗa masa. Ya ɗauki jakar kayan aiki ya ce, “Mu je, Yaya.” Kuka iso gida, ya bi kujerun falo ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, duk lafiyarsu ƙalau. Kana tsaye kana susar ƙeya. Sai ya miƙe ya ce, “Ai kuwa dukkansu suna buƙatar gyara. Aikin mako guda ne.” Ya yi makon nan yana zuwa da safe yana komawa da yamma, bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Tun daga lokacin ba a ganin ɗayanku sai da ɗayan, kuna tafe kuna musu kan wanda ya fi wani tsufa a fuska.

Bayan wannan sai ka shiga bin sauran “ina ma” ɗinka kana kashe su ɗaya-ɗaya. Ka ce tun kana yaro kake sha'awar iyo. Da shekara saba'in da wani abu ka sa Baba Kafinta ya raka ka wurin koyo, ka shiga ruwa da robar da ake ɗaura wa yara a hannu, shi yana zaune a gefe riƙe da tawul yana ba da umarni, alhali bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Ba ka zama gwani ba, amma ka iya ƙetare wurin daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ranar da ka fara yi duk wanda ya zo gaishe ka sai da ya ji.

Ciwon ajali ya zo maka a ƙirji. Aka kwantar da kai a ɗaki mai gado biyu. A ɗaya gadon akwai wani tsohon manomi da likita ya ce sai an yi masa aiki a ciki, shi kuwa ya ƙi. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, ma'aikaciyar da ke fassara tana sauri don marasa lafiya sun yi yawa, tsohon kuma abin da ya kama kawai shi ne za a yanka shi. Ya fara naɗe kayansa zai tafi gida. Kana kwance, da ƙarin ruwa a hannu, numfashi yana yi maka wuya, ka ce wa Auta ta ɗaga maka filo. Ta ce, “Baba, ka huta.” Ka ce, “Ana shari'a a gabana ba tafinta, in huta?”

Ka sa likita ya faɗi bayaninsa gaɓa-gaɓa, kana mayarwa a hankali. Ka sa tsohon ya yi duk tambayar da ke cin ransa, har da ko zai iya sake riƙe fartanya, ka kai wa likita, ka dawo da amsa yadda take, da daɗinta da rashin daɗinta. Da aka gama ka ce, “Maganar likita ta ƙare nan. Wannan kuma tawa ce: ɗan'uwa, in ni ne kai, zan yarda.” Tsohon ya daɗe yana kallonka, sannan ya kwance ƙullin kayansa. Aka yi masa aiki ranar Talata, aka dace. Washegari da ya farfaɗo sosai ya tambayi inda tafintansa yake, ya tarar an riga an gyara gadon.

Bayan an sallame shi ya zo gidanka, yana dogara sanda, 'yarsa tana riƙe da shi. Ya tsaya a ƙofa ya ce shi kwana kaɗan ya san mamacin, amma ya zo a lissafa shi cikin waɗanda aka yi wa mutuwa. Mama ta sa aka shigo da shi, aka ba shi wuri kusa da Baba Kafinta. Tsofaffin biyu suka zauna har yamma, ɗaya yana ba da labarin shekara tamanin, ɗaya yana ba da na kwana uku, kowa yana ganin nasa ya fi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi zaman aure da mutumin da ke gyara wa mai karanta labarai fassara ta cikin rediyo, ta kuma jure. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki ga alheri a zuri'arki. Ga Baba Kafinta, wanda ya rasa yaya da abokin musu a rana ɗaya, Allah ya sanyaya maka zuciya. Ga 'ya'yansa maza da mata, da maiɗakina Auta wadda ta riƙe hannunsa har ƙarshe, da jikoki, da abokan aikinsa na kotu, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban alƙali ko likita cikin tsoro Baba ya zama bakinsa, Allah ya ba mu juriyar rashi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka. Ka yafe masa kurakuransa, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa amsa tambaya. Ya yi rayuwarsa yana tsayawa tsakanin mai rauni da mai iko don kada maganar mai rauni ta ɓace a hanya. Ranar da zai tsaya a gabanka shi kaɗai, babu tafinta a tsakani, ka saurare shi da rahamarka, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.